Launi kaɗai ba ya faɗa maka sunan mazari

Akwai abin da ya daɗe yana damuna game da mu masu ɗaukar hoton mazari a bakin ruwa. Mutum zai ɗauki hoto ɗaya tak daga sama, ya ga jiki ja wur, nan take ya laƙaba masa suna ya watsa. Alhali babu abin da ya kai launi yaudara a jikin wannan ƙwaro.

A nau'o'i da yawa launin namiji daban, na mace daban. Namijin da bai daɗe da fitowa daga ruwa ba kuwa, inda 'ya'yan mazari ke girma, sai ka rantse mace ce, sai ya kwana biyu yake rinewa. A dangin Orthetrum, namiji in ya manyanta wani gari-gari mai shuɗi ke lulluɓe masa ciki, ya ɓoye zanen da ke ƙasa. Ni kaina na taɓa ajiye hotuna uku da sunaye uku, na yi ta murna, ashe nau'i ɗaya ne: ƙaramin namiji, babban namiji da mace. Har yau abin yana min ciwo, domin na riga na nuna wa mutane.

Nau'in mazari ya kai wajen 3,000 a duniya, ban da 'yan uwansa sirara masu naɗe fiffike a baya in sun sauka. Bambancin wasu yana can a ƙarshen gaɓa ta 10 ta cikinsa, wato ƙarshen jela, a 'yan ƙahonnin da namiji ke riƙe mace da su. Wasu kuma sai ka duba zanen gefen ƙirji, ko ɗigon nan da ke kusa da ƙarshen fiffike. Hoton sama ba zai nuna maka duk wannan ba. Don Allah a durƙusa, a ɗauki gefe, a ɗauki fuska. In ya tashi kada ka bi shi, tsaya cak, sau da yawa kan tsinken da ya bari yake dawowa.

Manhajojin gane nau'in halitta daga hoto irin su iNaturalist suna taimakawa, amma shawara suke bayarwa, kuma masu bincike suna amfani da abin da muka ɗora don sanin inda kowane nau'i yake rayuwa. In hotonka bai nuna alamar ba, rubuta sunan dangin kawai, ka saka wuri da kwanan wata, ka bar waɗanda suka fi ka ido su duba.