Harajin hayaƙi: a nema wa manomin Gadarif mafita tukuna

Sudan ba ta karɓar harajin hayaƙi, wato kuɗin da ake ɗora wa iskar da ƙona mai ke fitarwa, a yau, kuma ƙasar da ke cikin yaƙi tun 15 ga Afrilun 2023 tana da abin da ya fi wannan damunta. Amma maganar tana tafe. Duk ranar da aka zauna batun sake gina ƙasa, masu ba da rance za su zo da sharuɗɗansu, kuma a zamanin nan da wuya a rasa sauyin yanayi a cikinsu. Afirka ta Kudu ta fara karɓar nata tun 2019. Gara mu yi gardamar yanzu, kafin a kawo mana takarda a ce mu sa hannu.

Hikimar harajin ba ta da wuyar ganewa. Litar dizal ɗaya tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar da ke ɗumama duniya. A ɗora wa kowane tan kuɗi, mai ya yi tsada, mutane su rage ƙonawa su koma ga wani abu. Suwidin ta bi wannan hanya tun 1991, kuma ta ga amfaninta, domin mutanenta suna da abin komawar: jirgin ƙasa, motar haya mai zuwa a kan lokaci, wutar da ba a ɗaukewa.

To manomin Gadarif, a gabashin Sudan, ya koma ga me? Dawa da riɗin da ake nomawa a can, tarakta ce ke yin huɗarsu, ita kuma dizal take sha. Idan damina ta sauka, baƙar ƙasar nan ta zama laka mai kama ƙafa, sai dai tarakta ta ja tirela ta kai mutane bakin kwalta, har da mai naƙuda a kwance kan katifa. Mai lambu a gaɓar kogi a Mai Wurno da injin ban-ruwa yake shayar da albasarsa. Mai raksha, mai lori, mai injin niƙa, duk layi ɗaya suke bi a gidan mai. Babu wanda zai rage tafiya a cikinsu don an ƙara kuɗi, tunda ba yawon shaƙatawa suke yi ba. Ƙarin zai hau kan buhu, daga buhu ya sauka a tukunyar matar da ko keke ba ta da shi.

Akwai kuma abin da masu lissafi daga nesa ba sa gani. Idan tukunyar gas ta gagari gida, gawayi ake komawa, gawayi kuwa itace ne. Wanda ya bi hanyar garin Damazin a kudu maso gabashin ƙasar ya ga buhunansa jere a bakin titi ya san inda dazuzzukan suke tafiya, a ƙasar da ta fi kowace fitar da ƙaro a duniya. Harajin da aka sa don rage hayaƙi yana iya ƙarewa da sare bishiyar da ke shanye shi.

Ba na cikin masu cewa sauyin yanayi maganar Turawa ce. Mun ga ambaliyar 2020, mun ga yadda dam ɗin Arba'at ya ɓalle kusa da Port Sudan a Agustan 2024. Sai dai hayaƙin da mutum ɗaya ke fitarwa a Sudan daga ƙona mai bai kai tan ɗaya a shekara ba, alhali a tsallaken Bahar Maliya, a Saudiyya, ya haura tan 15.

Za a ce mana ai kuɗin za a maida wa talaka. Mun taɓa jin wannan. A Yunin 2021 gwamnatin riƙon ƙwarya ta cire tallafin fetur da dizal gaba ɗaya, aka ce shirin Samarat zai rage raɗaɗi: dala 5 a wata ga kowane mutum, da tallafin Bankin Duniya. Da sojoji suka ƙwace mulki a 25 ga Oktoban shekarar, bankin ya dakatar da kuɗinsa. Tallafin ya tsaya, tsadar ta zauna. Kafin nan, a Satumban 2013, ƙarin kuɗin mai ya fito da jama'a kan titi, aka rasa rayuka masu yawa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ko Kanada, wadda ta riƙa maida kuɗin ga iyalai har da ƙari na musamman ga mutanen karkara, ta janye harajin daga kan masu sayen mai a Afrilun 2025. Faransa ma ƙarin harajin mai ne ya tayar mata da masu zanga-zanga sanye da rigar ɗorawa a 2018, kuma daga wajen manyan birane suka fi fitowa.

Idan dole sai an karɓa, a fara daga inda hayaƙin yake da kauri kuma aljihun yake da zurfi: kamfanonin haƙar mai, masana'antun siminti na yankin Atbara, manyan kamfanonin zinare, da motocin alfarma masu shan mai tun a kwastan. Dizal ɗin noma da gas ɗin girki a bar su. Na san duk inda farashi ya zama biyu sai an samu masu karkatarwa zuwa kasuwar bayan fage, amma wannan aikin sa ido ne, ba dalilin hukunta manomi ba.

Abin da aka tara kuma a rubuta a doka inda zai tafi. A cire kuɗin fito daga farantan sola da injinan ban-ruwa masu aiki da rana. A tada layin dogon da ya ratsa Sinnar, Gadarif da Kassala ya nufi teku, domin jirgi ɗaya yana ɗaukar riɗin da lori da yawa za su ƙona mai su kai Port Sudan. Sai an ga wannan a ƙasa sannan a zo a yi maganar taɓa farashin lita a gidan man ƙauye.