A bar yarinyar nan ta karanci teku

Abin da aka yi wa 'yar ƙanena a majalisar nan ta Garwa, a arewacin Kamaru, bai dace ba, kuma duk kun ji. Yarinya ta ce ilimin teku take so ta karanta, sai babban mutum ya kwashe da dariya, wai "kifin tafkin Lagdo bai ishe ki ba?" Alhaji, da girmanka, wannan maganar ta yi mini ciwo.

Wa ya ce teku bai shafe mu ba? Iskar da ke kawo mana damina daga tekun Atilantika take tasowa. Farin 1973 da na 1984, da suka kashe shanu suka tsotse Tafkin Cadi, masana sun danganta su da sauyin ɗumin ruwan wannan tekun. Teku ya shafe mu.

Ku je gadar Binuwai a watan Agusta, ku dubi bayan ginshiƙanta, yadda ruwa ke murɗawa yana juyi da karan dawa. Masunta sun san wurin, ba sa kai kwalekwale. Irin wannan juyin yana cikin teku, sai dai faɗinsa kan wuce kilomita 200. A gabar gabashin Afirka ta Kudu akwai wani kogi cikin teku, Agulhas, mai ɗumi da gudu, yana kwasar ruwa kusan kubik mita miliyan 70 a daƙiƙa ɗaya. Juye-juyen da ke gangarowa daga mashigin Mozambik da kudancin Madagaska su ke bugunsa, su sa ya lanƙwashe ya yi nesa da gaɓa. Idan ya kai ƙarshen nahiyar sai ya juya baya, yana yanke zobba na ruwa mai ɗumi da gishiri, su shiga Atilantika, wasu su yi shekaru suna tafiya. Wannan Atilantikar dai da damunarmu ta dogara da ita.

Wai ina aikin yi? Wai mace ce? Ku ajiye wannan. Mai noman masakuwa, dawar rani, a Marwa ya fi kowa buƙatar wanda ya san halin teku. Yarinyar da ta zana mini zobban nan a bayan littafinta, ta yi mini bayani har na gane, ba abar dariya ba ce.

Ni kaina ban taɓa ganin teku ba. Wanda ya san kuɗin jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde yanzu, da motar Kribi da ke bakin teku, ya faɗa mini, hutun nan zan kai ta.