Suleja Ba Ɗakin Kwanan Abuja Ba Ce

Makon jiya na bi ta wani lungu a cikin garin Suleja, na tarar an baje wani gida da na sani tun ina yaro. Gida ne mai zaure biyu da rufin azara, katangarsa ta ƙasa mai kaurin da ko zafin bazara ba ya ratsa ta. A zauren farko muke karatun allo bayan asuba. Yanzu sai tulin bulo da yashi, da wani allon talla da ke cewa za a yi shaguna da ɗakunan haya "dab da Abuja". Na karanta allon har ƙarshe ban ga sunan Suleja ba. Rushewar ta dame ni, amma wannan shafe sunan ne ya hana ni barci.

Da na yi magana, wani dillali ya ce da ni: "Malam, ai arziki ne ya zo gari. Fulotin da ubanka ya saya da kuɗin akuya, yau miliyoyi ne." Wannan magana ta zama karatun kowa, daga 'yan kasuwar filaye har wasu masu mulki, kuma ita nake so in yi wa tankaɗe da rairaya.

Wanda ke kiran garin nan ɗakin kwanan Abuja ya fara sanin wace ce uwa, wace ce 'ya. Bayan da mayaƙan jihadi suka fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya a farkon ƙarni na 19, ya gangaro kudu ya zauna a Zuba. Ƙanensa Abu Ja ne ya kafa wannan gari a 1828, aka kewaye shi da ganuwa, aka kira shi Abuja da sunansa. Shi ya sa har gobe sarautar garin Sarkin Zazzau ce. Da gwamnatin Janar Murtala ta yi dokar kafa sabon babban birni a 1976, mafi yawan ƙasar da aka yanka daga Jihar Neja ta fito, aka kuma ɗauki sunan aka ba sabon birnin. Garin ya koma amsa sunan Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gari ya ba da ƙasa, ya ba da suna, yau kuma a ce darajarsa ita ce ma'aikatan wancan birni na samun wurin miƙe haƙarƙari a cikinsa?

To, mu koma kan arzikin da ake ta yayatawa. Na wa ne? Magadan da suka sayar da gidan gado sun raba kuɗin, kowa ya samu abin da bai isa ya sayi ciki da falo a unguwar da aka haife shi ba. Sai su fita gefen gari, ko su koma haya a gidan da aka gina a kan kufan kakansu. Sau nawa muka ga an sayar wa baƙo kason wani magaji, alhali shari'a ta ba abokin tarayya haƙƙin shuf'a, wato shi ne ya fi cancanta ya saya kafin na waje? Dillali ba zai tuna wa kowa wannan ba, domin la'adarsa tana ga mai tsoka.

Shi ma mai sayen ba tsira ya yi ba, kuma ba na ganin laifinsa. Ƙaramin ma'aikaci ne da hayar Wuse ko Garki ta fi ƙarfinsa, ko ɗaya daga cikin waɗanda rusau ya koro daga Abuja tun shekarun 2003 zuwa 2007. Wani ɗan'uwana ya tara kuɗin adashi na shekaru, ya sayi fuloti da rani. An nuna masa fili busasshe, aka ba shi takardar ciniki mai hannun shaidu biyu da hatimin mai unguwa. Ya zuba harsashi, ya kai ginin linta. Damina ta farko ruwa ya shigo masa har gwiwa, domin filin hanyar rafi ne da aka cike da shara da jar ƙasa. Kafin ya farfaɗo, wani ya ɓullo da tasa takardar a kan wannan fili dai. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma takardar mallaka da ya sa wa hannu ita ce banki ke kallo. Mutum nawa ne masu saye a Kwamba ko Maje ko Gauraka aka gaya wa haka kafin su ba da kafin alƙalami? Ambaliyar 2017 ta ci rayuka a garin nan, amma har yau ana yanka fuloti a bakin rafi.

Sai kuɗin da ba a rubuta a takardar ciniki. Ruwa na 'yan garuwa ne ko rijiyar burtsatse da ka haƙa da aljihunka. Kwalbati da turken wuta, ku da maƙwabta za ku yi karo-karo. Ka fita kafin gari ya waye don ka tsere wa cunkoson Madalla da Zuba, ka dawo bayan isha'i 'ya'yanka sun yi barci. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, rarar da mutum yake ganin ya samu a kuɗin gida, mota ce ke haɗiye ta. Mutumin da ke rayuwa haka yaushe zai san maƙwabcinsa, balle ya je jana'iza ko suna a unguwa?

Masu cewa a haɗe Suleja da Birnin Tarayya a huta, su fara zuwa su tambayi Gbagyin da aka tasa daga gonakinsu irin hutun da suka samu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne garin na da abin tinƙaho da kuɗi ba ya saye, an bar shi yana lalacewa. A nan Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, a nan Ladi Kwali ta shiga a 1954 ta zama gwanar da duniya ta sani, har hotonta ya hau takardar naira 20. A je a ga halin da cibiyar ta shiga. Dutsen Zuma a ƙasar Neja yake, amma da shi ake tallar Abuja. Ganuwar Abu Ja kuwa, yaran yanzu ba su san ta inda ta bi ba.

Ya kamata gwamnatin Neja ta shata tsohon gari, ta hana rushe manyan zauruka sai da sanin masarauta. Ta hana gini a hanyar ruwa, ta sauƙaƙa wa talaka samun takardar mallaka. Doka ta ce harajin albashi na jihar da ma'aikaci yake zaune ne, don haka ta bi haƙƙinta a wurin ma'aikatun Abuja, ta zuba shi a magudanai da famfunan garin da ke ɗauke da waɗannan mutane. A lungun da na faɗa akwai sauran zaure ɗaya a tsaye, kuma na ji magadansa sun fara karɓar baƙuncin dillalai.