A bar tarihi ya riga littafin Remarque shiga aji

Makarantun sakandare da dama suna haɗa darasin tarihin Turai da na adabi. Malamin tarihi yana koyar da Yaƙin Duniya na Ɗaya, malamin adabi kuma ya ba ɗalibai littafin ƙagaggen labari na marubucin Jamus Erich Maria Remarque, All Quiet on the Western Front, su karanta a zango guda. Ina goyon bayan wannan haɗi. Yaron da aka gaya wa cewa a ranar 1 ga Yulin 1916 kaɗai sojojin Birtaniya sama da 19,000 suka mutu a yankin kogin Somme zai haddace adadin, ya manta da zarar an gama jarrabawa. Wanda ya bi Paul Bäumer, sojan Jamus da ke ba da labarin a littafin, cikin rami, ana ruwan harsashin igwa, ɓeraye na cinye musu burodi, da wuya ya manta. Amma haɗin yana da sharaɗi: tarihi ya fara shiga aji, littafin ya biyo baya, kuma a ɗauke shi a matsayin mai ba da shaida da za a titsiye da tambayoyi.

Bäumer ƙaramin soja ne, abin da ke gaban idonsa kawai yake gani. Ba zai gaya wa ɗalibi yadda kisan Yarima Franz Ferdinand na Ostiriya-Hangari a Sarajevo ranar 28 ga Yunin 1914 ya jawo Ostiriya-Hangari da Sabiya da Rasha da Jamus da Faransa da Birtaniya cikin wuta a ƙasa da mako shida ba. Ba ruwansa da Daular Usmaniyya, ba ruwansa da toshe wa Jamus hanyoyin teku, sai dai yunwar da toshewar ta haifar, wadda ya tarar a gidansu da ya je hutu. Idan aka fara da littafin, ɗalibi zai fito da amsa ɗaya tak, wai yaƙi mugun abu ne kuma manya sun yaudari yara. Gaskiya ce, amma ba ta amsa tambayar me ya haddasa yaƙin.

Mako shida sun isa a yi wannan haɗi, in dai malaman biyu sun zauna kan jadawali tun kafin a buɗe makaranta. Makonni biyu na farko na malamin tarihi ne: taswirar Turai ta 1914, ƙawancen ɓangarorin biyu, ratsawar Jamus ta Beljiyam, da yadda yaƙin ya cije a ramuka daga Tekun Arewa har iyakar Suwizalan. Kowane ɗalibi ya zana layin shekaru daga 1914 zuwa 1919 a tsakiyar littafin rubutunsa, don a kansa za a riƙa ɗora duk abin da aka karanta daga baya.

Daga mako na uku ake buɗe labarin. Babi goma sha biyu ne, kuma ba dole ne a bi su duka a aji ba. Huɗu sun wadatar: na farko, inda muka ji yadda Kantorek, malamin su Bäumer, ya zuga ajinsa suka shiga soja, na shida mai ruwan wuta, na bakwai na hutun gida, sai na tara inda Bäumer ya soki wani sojan Faransa ya kuma zauna da shi cikin rami har ya cika. Sauran a karanta a gida. Kowane babi a haɗa shi da takarda ɗaya ta zamanin, kada ta wuce shafi guda: hoton takardar kiran matasa shiga soja, wasiƙar soja zuwa gida, ko taswirar filin daga. Tambayar ba ta canzawa. Me takardar ta tabbatar, me ta ƙaryata, me kuma littafin ya yi shiru a kai?

Mako na shida shi ne mafi daraja, shi ne kuma aka fi yarwa idan lokaci ya ƙure. A nan littafin kansa ke zama darasin tarihi. Ya fito a 1929, sama da shekara goma bayan tsagaita wutar 11 ga Nuwamban 1918. Remarque bai daɗe a filin daga ba, an ji masa rauni a 1917 ya yi doguwar jinya a asibiti. Abin da ya rubuta ya ɗauko ɗacin Jamus ta bayan yarjejeniyar Versailles da ta rufe yaƙin, lokacin da ake ta gardama kan ko yaƙin ya cancanci jinin da aka zubar. 'Yan Nazi sun tayar da tarzoma kan fim ɗin da aka yi daga littafin a 1930, suka ƙone littafin a bainar jama'a a watan Mayun 1933. Ɗalibin da ya iya bayyana abin da ya sa ƙagaggen labari ya tsorata su haka ya riga ya shiga darasin hawan Hitler mulki. Yana da kyau a ajiye masa shafi ɗaya na Ernst Jünger, wanda shi ma ya yi yaƙin amma ya rubuta shi da alfahari a 1920, don ya gane cewa tsofaffin sojojin ba baki ɗaya suka yi ba.

Kura-kuran sanannu ne. Ɗalibi ya kafa hujja da Bäumer a jarrabawar tarihi kamar mutum ne da ya taɓa rayuwa. Maganinsa a hana maki ga duk hujjar labari da ba a dafa mata da kwanan wata ko takarda ba. Ko malamin adabi ya kai babi na tara alhali na tarihi bai bar Sarajevo ba. Ko a kunna fim a cinye darasi uku, karatu ya tafi. Masu cewa manhaja ta cika, babu sararin wannan, suna da hujja, shi ya sa littafi ɗaya a zango ya isa. Mai son cusa littafin Dickens don juyin juya halin Faransa, da na Zola don ma'aikatan kwal, da na Remarque, duk a zango guda, ba zai gama ko ɗaya da kyau ba.

Ajin da ke Kano ko Damagaram yana da wata tambaya da littafin ba zai amsa ba. Sojoji daga Nijeriya sun yi wannan yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka, Faransa ta kwashi matasa daga yankunan da take mulka a Afirka ta Yamma ta kai su Turai, kuma a ƙarshen 1916 Kaocen, jagoran Abzinawa, ya yi wa sansanin Faransa a Agadez ƙawanya. A ba ɗalibai wannan a matsayin aikin ƙarshe: su ɗora waɗannan a kan layin shekarun da suka zana, su rubuta shafi biyu kan abin da ke faruwa a filayen daga na Verdun da Somme a Faransa a shekarar da aka kewaye Agadez.