A rubuta sunan Baba Saje a jikin tankin nan

Shawarar da kwamitin unguwa ya yanke daren jiya ba daidai ba ce, kuma ba zan yi shiru a kanta ba duk da cewa iyayenmu ne suka zauna. An ce za a haƙa burtsatsen, za a sa sola, za a ɗora tanki, a jera famfuna, amma ba za a rubuta sunan marigayi Baba Saje, tsohon ɗan sandan nan na unguwarmu, a ko'ina ba. Wai a kira ta rijiyar al'umma kawai. To kuɗin nan da sunan wa aka tara shi? Matan da suka ciro daga adashensu, 'yan adaidaita da suka yi karo-karo a tasha, yaran shagon cajin waya, tsofaffin ɗaliban firamaren bakin titi da suka turo daga Abuja da Legas, kowa don Baba Saje ya bayar. An nemi taimako da sunansa, kuɗi ya shigo da sunansa, sai da aka zo wurin rubutu aka ce sunan ya yi nauyi. Wannan cin amanar waɗanda suka bayar ne, kuma cin fuskar mamaci ne.

A rubuta sunansa. Shi ke nan abin da nake nema.

Na ji abin da aka faɗa a zaman. Wani ya ce ai ɗan sanda ɗan sanda ne, idan aka sa sunan ɗaya gobe za a ce unguwarmu ta zama ta 'yan sanda. Wallahi wannan magana ta ƙona min rai. Babu wanda zai koya mana halin 'yan sanda. Mun san shingen da ake tare mai mashin a karɓi na goro. Mun san an rubuta beli kyauta ne a bangon caji ofis, amma mutum ba ya fitar da ɗansa daga bayan kanta sai ya taɓa aljihu. Mun ga abin da ya kai ga zanga-zangar 2020 har aka rusa SARS. Duk mun sani. Saboda mun sani ɗin ne ma muke cewa wanda ya yi shekara 35 a cikin wannan kakin, ya fito babu wanda ke binsa bashin zalunci a unguwar nan, ya cancanci a rubuta sunansa inda kowa zai gani. Da a ce duk irinsa ne, da babu wanda zai tara ko sisi.

Ku tambayi iyayen yaran firamare. Kafin ya wuce ofis, a bakin titin nan yake tsayawa da safe yana tsare motoci har sai ƙaramin cikinsu ya tsallaka. Ba wanda ya tura shi, ba aikin da aka rubuta masa ba ne. Bayan ya yi ritaya ma bai daina ba, sai dai ya koma yi da jallabiya da hula, kuma direbobi suna tsayawa don sun san hannun. Idan aka kama yaro da ƙaramin laifi, uban yaron yake fara nema, a je gaban mai unguwa, a biya abin da aka ɓata, a yi wa yaro faɗa a gaban manyansa. Ya san abin da kwana a bayan kanta tare da manyan 'yan daba ke mayar da yaro ɗan shekara goma sha biyar. Akwai magidanta a unguwar nan yau, masu shago da mata da 'ya'ya, waɗanda da ba don shi ba da gidan yarin Kurmawa ne makarantarsu. Sun san kansu, kuma wasunsu suna cikin waɗanda suka fi ba da kuɗi. Idan kuma laifin babba ne, na sara ko na fyaɗe ko na ƙwacen waya da makami, ba ya sauraron roƙon kowa, ko ɗan wane ne. An yi fushi da shi a kan haka, an daina gaishe shi a wasu gidaje, daga baya aka dawo.

Sannan ku tuna 2012. Ranar Juma'a, 20 ga Janairu, da yamma, aka kai hari hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, da ofishin shiyya ta ɗaya, da ofishin Farm Centre, da na titin Zariya, da ofishin fasfo. Mutum 185 hukuma ta ce sun rasu, 29 daga ciki 'yan sanda ne. Bayan ranar nan kaki ya zama abin tsoro a Kano. Ɗan sanda sai ya cire kayansa ya cusa a leda kafin ya kama hanyar gida. Masu gidajen haya suna ba su takardar tashi don kada a biyo su. Wasu sun nemi canjin wurin aiki, wasu sun ajiye aikin, kuma ban ga laifinsu ba, rai guda ne. Baba Saje bai tashi daga unguwar nan ba. A masallacinmu ya ci gaba da sallar asuba. A lokacin dokar hana fita, idan naƙuda ta kama mace cikin dare, ƙofarsa ake bugawa, shi ne zai san yadda za a wuce shingaye a kai ta asibiti. Yaran da aka haifa a daren irin wannan yanzu suna sakandare.

Yanzu ina tambaya, a cikinmu wa zai iya kawo sunan mutum ɗaya daga cikin 'yan sanda 29 ɗin nan? Ni dai na tambayi mutane da dama, babu wanda ya iya. Sun mutu a bakin aiki a cikin garinmu, sun zama lamba. Iyalansu kaɗai ke riƙe da sunayen. Abin da kwamiti ke shirin yi wa Baba Saje ke nan, ko sun yi niyya ko ba su yi ba. Mu da muka san shi za mu tsufa mu mutu, rijiya za ta koma rijiyar bakin makaranta, nan da shekara ashirin babu yaron da zai san akwai wani saje da aka yi wa ita.

Sai maganar addini, wadda ita ce ta fi rufe bakin mutane a zaman. An ce rubuta suna riya ce, wani har ya ce hanyar gumaka ce. Malam, da girmamawa, wa ya ce a sassaƙa mutum-mutumi? Wa ya ce a manna hoto? Babu wanda ya kawo wannan, kuma da an kawo da ni zan fara ƙi. Layi biyu ne a jikin tanki: sunansa, da roƙon wanda ya sha ruwan ya yi masa addu'a. Riya kuwa mai rai ke yin ta, don a yabe shi. Baba Saje yana cikin kabarinsa, bai nemi komai ba, bai ma san ana yi ba. Kuma ku malamanmu ku kuka karantar da mu hadisin Sa'adu ɗan Ubada, da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ce ta fi, aka ce masa ruwa. Ya haƙa rijiya, ya ce wannan ta Ummu Sa'adu ce. Ya ambaci sunanta. Ku kuka karantar da mu cewa an wuce da gawa sahabbai suka yabe ta da alheri, Annabi ya ce ta tabbata, ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Ranar jana'izar Baba Saje sahu ya fita daga masallaci ya cika titi. Shaidar da aka yi da baki ranar nan ita muke so a sa a rubuce.

Kuma a Kano muke. Muna kai marasa lafiya asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano, muna kai yara asibitin Hasiya Bayero, 'ya'yanmu suna karatu a Jami'ar Bayero, alhazanmu suna tashi daga filin jirgin Malam Aminu. Ban taɓa jin wanda ya ƙi shiga ɗaya daga cikinsu don sunan mamaci na jikin ƙofa ba. Me ya sa sai da aka zo kan saje maganar ta zama ta aƙida?

Masu cewa ba a taɓa karrama ɗan sanda haka ba, su je su tsaya a ƙofar sakatariyar jiha su karanta abin da aka rubuta. Audu Bako ɗan sanda ne. A barikin 'yan sanda na Kaduna aka haife shi, mahaifinsa ma ɗan sanda ne, kuma da kakinsa ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975. Shi ya gina madatsar Tiga da ta Bagauda, shi ya yi gidan zu. Ya rasu tun 1980, amma yaron da aka haifa jiya zai tashi ya ji sunansa, a sakatariya, a titi, a gidan zu, a kwalejin noma ta Dambatta. Hedikwatar 'yan sanda ta ƙasa a Abuja sunan Louis Edet take ɗauke da shi, ɗan ƙasa na farko da ya zama Sufeto Janar. Wato ana sa sunan ɗan sanda, in dai ya kai gwamna ko ya kai Sufeto Janar. Kurtu da kofur da saje, waɗanda su ne talaka ke gani kullum a rana da ruwan sama, su ne ba a rubutawa. Gwamnati ba za ta taɓa sa wa titi sunan Baba Saje ba, ba ta ma san da shi ba. Mu ne muka san shi. Idan mu ba mu rubuta ba, babu mai rubutawa.

Akwai kuma maganar da ba a faɗa a fili ba, amma na ji ta a bayan fage: wai ba ɗan asalin unguwa ba ne, aiki ya kawo shi. Wannan ta fi duk sauran muni. Mutum ya yi aure a nan, ya haifi 'ya'yansa a nan, an binne shi a maƙabartarmu. A 2019 Kano gaba ɗaya ta rungumi Kwamishina Muhammad Wakili, Singham, har yara ƙanana na maimaita "maza ƙwaya, mata ƙwaya" a lungu. Mutumin Gombe ne, watanni kaɗan ya yi kafin ya yi ritaya, babu wanda ya tambayi asalinsa. A 2022 da DPO na Bompai, Daniel Amah, ya ƙi karɓar cin hancin dala 200,000, duk mun yi ta yaɗa labarin muna alfahari cewa a Kano aka yi, har Shugaba Buhari ya ba shi lambar yabo. Mun iya yabon ɗan sandan kirki idan jarida ta fara yabonsa. Namu na cikin gida, wanda muka gani da idonmu shekara da shekaru, shi ne muke jin kunyar sunansa.

Wani dattijo da nake ganin girmansa ƙwarai ya kira ni ya ce, ɗana, ai ladan zai same shi ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Gaskiya ne, Baba, Allah ya san niyya. Amma rubutun ba don Allah ya sani ake yin sa ba, don mu ne. Akwai yara a unguwar nan da ke neman shiga aikin ɗan sanda, wasu sun tafi horo, wasu suna burin makarantar horar da 'yan sanda ta Wudil. Abin da suke ji tun suna ƙanana shi ne aikin nan na cin haram ne, wanda ya shiga sai ya lalace. Idan yaro ya shiga da wannan tunanin, lalacewar zai yi, don babu wanda ya nuna masa wata hanya. Ina so kurtun da aka turo ofishinmu gobe ya zo shan ruwa ya ga sunan saje irinsa a jikin tanki, ya tambaya, a ba shi labari. Ya san mutanen unguwar nan suna kallo, kuma ba mugunta kaɗai suke riƙewa ba. Kullum muna zagin na banza da sunansu, har muna ɗaukarsu a waya muna yaɗawa. Adalci ne mu ambaci na kirki da sunansa shi ma.

Don haka ina roƙon kwamiti, da mai unguwa, da liman, su sake zama kafin a ɗora tankin. Idan kuɗin fenti da mai rubutu ne matsala, na ɗauka. Idan kuma za a nace a kan shawarar jiya, to a kira duk waɗanda suka ba da kuɗi a gaya musu a gabansu cewa an cire sunan, a ji abin da za su ce. Kada a yanke musu a ɗaki. A rubuta sunan Baba Saje.

Wani abu kuma, tun da muna kan maganarsa. Mama, matarsa, har yanzu tana zirga-zirga a kan haƙƙoƙinsa. Wanda ya san halin 'yan sandan da suka yi ritaya a ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo ya san abin da nake nufi. A watan Yulin 2025 tsofaffi da furfurarsu suka tsaya a ƙofar Majalisar Tarayya suna neman a fitar da su daga tsarin, kamar yadda aka fitar da sojoji. An ware 7 ga Afrilu a matsayin Ranar 'Yan Sanda ta ƙasa, ana fareti ana jawabi, amma abin da saje ke karɓa a wata bayan ritaya ba ya riƙe gida. Baba Saje da ƙaramin shagon kayan masarufi ya ƙarasa rayuwarsa, shagon da yanzu yake rufe. An ce wa Mama sai ta kawo takardar kotu ta gado da takardar shaidar rasuwa da wasu takardun da ba ta gane ba, kuma babban ɗanta ba ya gari. Idan akwai lauya a cikinku, ko wanda ya taɓa bin irin wannan fayil ɗin har ya fita, don Allah ya neme ni a cikin makon nan, mu raka ta.