Kuɗin Komawa Gida Haƙƙin Ƙaramin Soja Ne

Duk shekara idan watan Disamba ya raba tsakiya, filayen jiragen sama na Atlanta da Charlotte a Amurka sukan cika maƙil da samari da 'yan mata cikin kaki, kowa da doguwar jakarsa a kafaɗa. Da yawansu kuratan barikin Fort Jackson ne na Jihar Karolina ta Kudu, an tsayar da horo an sallame su hutun Kirsimeti na kusan mako biyu. Hutun dai rundunar ce ta bayar, amma kuɗin jirgi daga aljihun kurtu ya fito. Wanda aljihunsa bai kai ba, sai ya zauna a bariki har abokansa su dawo bayan sabuwar shekara.

Wannan giɓin ne wasu ƙungiyoyin agaji suke ƙoƙarin cikewa. Wanda ya fi suna shi ne shirin Operation Ride Home, wanda ƙungiyar Armed Services YMCA da kamfanin Jack Daniel's suka fara a 2011. Suna taimaka wa ƙananan sojoji da iyalansu da kuɗin tikiti, ko kuma a ba su kati su sha mai, su ci abinci, su kwana a hanya idan da mota za su tafi. Dubban mutane sun isa gida ta wannan hanya, kuma yaba kyauta tukuici. Sai dai ni a ganina, ƙasar da majalisarta ta amince da kusan dala biliyan 895 a dokar tsaro ta 2025 bai kamata ta bar farabiti da kofur suna jiran kyauta kafin su je gaida iyayensu ba.

Na san abin da mai karatu zai ce. A 2024 albashin soja mafi ƙanƙantar muƙami a can dala 2,000 ne da 'yan kai a wata, kuma idan aka juya shi zuwa naira ko sefa sai a ga kamar ya yi arziki. To amma ba a Kasuwar Kurmi yake cefane ba. A farashin can yake biyan inshorar mota, da kuɗin renon yaro, da madara. Binciken da cibiyar RAND ta fitar a 2023 ya nuna cewa a 2018 kusan soja ɗaya cikin huɗu ya yi fama da ƙarancin abinci a gidansa, kuma ƙananan sojoji ne abin ya fi ci. Mutumin da ke hannu baka hannu ƙwarya, ina zai samo kuɗin kujera uku a jirgi, a daidai lokacin da tikiti ya fi tsada a duk shekara? Yaro da zarar ya cika shekara biyu, ba a ɗauke shi a cinya, sai an saya masa tasa kujerar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ba sojan ne ya zaɓi inda zai zauna ba. Takarda ce ta zo, aka ce ya tafi Hawai, ko Okinawa a Jafan, ko Fort Wainwright a Fairbanks ta Alaska. A Fairbanks, a ƙarshen Disamba rana ba ta cika awa huɗu a sama, sanyi kuwa yakan yi ƙasa da sifiri da maki talatin ko arba'in. Ka dubi yarinya 'yar shekara ashirin da ta bi mijinta can da jariri a hannu. Babu uwa, babu ƙanwa, babu maƙwabciyar da ta sani tun ƙuruciya. Ƙarfe uku na yamma rana ta riga ta faɗi, miji yana wurin aiki, kakar yaron ba ta taɓa ganinsa ba sai ta waya. Mu da muke cewa zumunci a ƙafa yake, mun san hoton waya ba ya maye gurbin a ɗora jika a cinya. A al'adarmu ma, wanda ya aike ka nesa shi ke ba ka kuɗin mota, zuwa da dawowa. Gwamnatin Amurka tana biyan kuɗin kai soja da kayansa sabon wurin aiki, amma zuwa gida hutu, in ban da wasu keɓaɓɓun wurare, ta bar masa.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Soja mai iyali yana samun alawus na gida, ana duba lafiyarsa da ta iyalinsa, yana da hutun kwana 30 a shekara da albashinsa. A 2025 an ƙara wa ƙananan sojoji kashi 14.5 cikin ɗari. Akwai kuma damar shiga jirgin soja idan kujera ta yi saura. Amma wannan ta ƙarshe sa'a ce kawai: sai an gama da kaya da masu tafiyar aiki, kuma babu tabbacin kujerar dawowa, alhali sojan da ya makara hukunci ke jiransa. Ƙarin albashi kuwa ɗaya ne ga wanda gidansu ke tafiyar awa biyu da wanda sai ya tsallaka teku.

Majalisar Amurka ita kanta ta taɓa yarda da wannan magana. Bayan da kashe kai ya yawaita tsakanin sojojin Alaska a 2021, dokar tsaro ta 2023 ta tanadi a mayar wa sojojin da ke can kuɗin jirgin zuwa gida, na wani ɗan lokaci. Wato an gane cewa kaɗaici cuta ne, kuma ganin dangi magani ne. Abin baƙin ciki shi ne sai da aka rasa rayuka kafin a gane.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye ba. Jack Daniel's kamfanin barasa ne, kuma shaye-shaye matsala ce da rundunar ta daɗe tana kokawa da ita tsakanin matasanta. Ban zargi niyyar masu bayarwa ba. Amma kyauta tana iya raguwa bana, ta tsaya baɗi, kuma kullum masu nema sun fi abin da aka tara. Wani ya samu, maƙwabcinsa a bariki ɗaya bai samu ba.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a sa a doka: duk ƙaramin sojan da aka tura nesa da garinsu, a biya masa da matarsa da 'ya'yansa tikitin zuwa gida sau ɗaya a shekara. Ba kowa zai tafi a Disamba ba, domin dole wasu su tsaya gadi, saboda haka a bar shi ya zaɓi lokacinsa. Kirista ya tafi da Kirsimeti, Musulmin da ke cikin rundunar ya ajiye nasa sai Sallah, wanda matarsa ta haihu ya kai jaririn wurin kakanninsa.