Zaki Mai Ladabi

Fijo 504 ɗin da na gada wurin Baba ta girme ni, kuma a cikin dangi ta fi ni daraja. In na kwanta zazzaɓi sai dai a ce Allah Ya sawwaƙe, amma in aka ji ta kwana a gareji, har daga Zariya ake bugo waya. Haɗin Kakuri ce, daga kamfanin PAN na nan Kaduna da ya fara haɗa motoci a 1975, zamanin da ma'aikacin gwamnati ba ya amsa sunan babba sai an ga 504 a ƙofar gidansa. Samfurin ya fito a 1968, ya ci kambin motar shekara ta Turai a 1969, ya kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. Duk wannan tarihi ba ya hana ta neman turi da safe in sanyi ya sauko, amma wannan maganar cikin gida ce.

To, wani bawan Allah ya ɓalle mata zakin gaba, wato tambarin Fijo, a wurin ajiye motoci. Bai taɓa madubi ba, bai taɓa batir ba, zakin kawai ya yi masa. Na zaga wurin masu kayan gyara, ana ta miƙo mini na 406 da na 307, wai ai zaki duk zaki ne. Ba haka ba ne. Na sababbin nan ya yi ƙiba, ya yi sumul, in ka manna wa tsohuwar mota shi dattawan unguwa za su gane tun daga nesa, kuma ba za su yi shiru ba.

Ana cikin haka na ci karo da bidiyon wani Bature mai gyaran tambarin tsofaffin motoci. Ya zuba wani ruwa garai-garai a mazubi, kiɗa na tashi a hankali, hoto ya juya, sai ga tambari yana walƙiya. Ban ga ƙuda a ɗakinsa ba, ban ga ƙura ba, ban kuma ga matarsa ta leƙo tana tambayar wa ya ɗauki kofinta ba. Na ce ashe abin ma ba wuya.

A baki, aikin gajere ne. Ka samo tambari na asali, ka kwantar da shi a ɗan akwati, ka zuba masa ruwan silikon. In ya daskare ka zare tambarin, siffarsa ta zauna a ciki daram. Sannan ka kawo rezin, wato epoksi, mai zuwa a kwalba biyu: ruwan kansa da hadina, wato sinadarin da ke sa shi tauri. Ka auna, ka gauraya, ka zuba, ka jira kwana ya zagayo. Kayan na saye su. Saura na asali, kuma mutum ɗaya na sani da ke da shi.

Kawu tsohon direba ne, ya yi shekaru yana jigilar Kaduna zuwa Kano a 504 doguwa mai layi uku. Yanzu tana ƙarƙashin mangwaro, ba ta zuwa ko'ina, amma duk Juma'a sai an wanke ta kafin shi ya yi wanka. Na durƙusa na gaishe shi, muka taɓa hirar gona da tsadar taki, sannan na sako zancen.

"Kawu, ranka ya daɗe, aron zakinka na zo yi."

"Aron me?"

"Zakin mota. Awonsa kawai zan ɗauka, gobe war haka yana wurinsa."

Ya daɗe yana kallona. "Ɗan nan, zanen aro fa ba ya rufe katara."

"Ai ba ɗaurawa zan yi ba, Kawu."

Da hannunsa ya kwance shi, ya naɗe a hankici, ya miƙo mini yana kallon wani wajen.

Akwai abin da bidiyon bai tsaya a kai ba. Silikon ɗin da na sayo irin mai sinadarin filatinam ne, kuma ba ya ga maciji da farar wuta, wato salfa. Ko ɗis ya taɓa shi, wurin ba zai daskare ba. Ana samun salfa a safar hannu ta roba irin ta kemis, ana samunsa a wasu lakar wasan yara. Ni kuwa da lakar autata na kafa zakin a akwati, ina sanye da safar kemis don a san ƙwararre ne ke aiki. Washegari saman ya yi tauri gwanin sha'awa. Na kife, na ja, sai ga zakin Kawu ya fito cikin shuɗin danƙo tun daga geza har wutsiya.

Na shiga wanki da kalanzir da tsohon burushin haƙori. Danƙon ya shige tsakanin farata, ya shige cikin baki, ko'ina ka goge sai ya koma gefe ya zauna. Kowace safiya jikan Kawu zai yi sallama ya tsaya a zaure.

"Kawu ya ce a gaishe ka. Ya ce kuma a gaida zaki."

"Ka ce yana amsawa."

Da ƙyar na samu mazubi mai kyau, bayan na sake safa na kuma mayar wa yarinya lakarta. Zakin aro ya koma gida da ɗan shuɗi a hammata, na yi addu'ar kada tabarau ɗin Kawu ya kai wurin.

Sai rezin, kuma a tsakiyar hunturu. Takardar kwalbar na son ɗaki mai ɗumin digiri ashirin da ɗoriya, ni kuwa a baranda nake aiki da asuba, hannu na karkarwa. Sanyi na sa rezin ya yi kauri, in ya yi kauri kuma iskar da ta shiga lokacin juyawa ba ta iya fitowa. Zakin farko ya fito cike da ƙananan kumfa, uwargida ta ɗaga shi a rana ta ce, "Abban yara, wannan ƙyanda ya yi ko farankama?"

Maganin kumfa zafi ne. Ana tsoma kwalaben a ruwan ɗumi kafin a haɗa, a juya a hankali, in an zuba kuma a bi saman da ɗan hucin wuta su fashe. Ba ni da na'urar, amma akwai abin busar da gashi na uwargida a kan madubi. Kumfar kam ta fashe. Sai dai abin busar gashi iska yake hurawa, kuma iskar Kaduna a watan Janairu rabinta ƙasar Sahara ce. Duk hazon da ya taso daga Chadi ya keto Barno ya iso barandata, na tattara shi da hannuna na dasa a fuskar zaki. Na gaba da shi na rufe da kwanon sha, na ɗora dutse. Da na buɗe, ga ƙuda a kwance a daidai ƙirjin zakin, fukafukai a shimfiɗe, an adana shi har abada. Ta inda ya shiga, Allah kaɗai Ya sani.

Ranar da aka kusa raba gari kuwa, ragowar haɗi ce ta jawo. Rezin da hadina in sun haɗu zafi suke fitarwa. In an shimfiɗa su siriri zafin na ficewa ba a ji, amma in suka taru da yawa a wuri mai zurfi, zafin na ƙara saurin haɗuwar, saurin na ƙara zafin. Na bar sauran a kofin roba mai layin awo, na shiga alwala. Na fito na tarar kofin ya lotsa yana hayaƙi, cokalin da ke ciki ya tsaya ƙiƙam. Kofin awon kek ɗin uwargida ne, cikin kayan da aka kawo ta da su.

"Zakin ne ya sha shayi a ciki?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Na ce zan sayo wani. Ta ce ta sani, har da abin busar gashi.

Tunda hannu ya fara faɗawa, na ce bari in haɗa da tambarin tsakiyar sitiyari, wanda rana ta ƙone ya tsattsage. Na sa aka buga mini zaki da sunan kamfanin a farar leda mai nuna bayanta, na shimfiɗa a mazubi yana kallona, na zuba rezin. Gindin mazubi shi ne fuskar tambari. Da na zare, ba kumfa, ba ƙura, ba ƙuda, aiki ya yi kyau matuƙa, sai dai zakin da duniya ta sani yana duban hagu ya juya dama, harufan kuma sun koma baibai. Ɗana ya kai shi gaban madubi ya karanta mini tiryan-tiryan, ya ce in dai zan riƙa tuƙi da madubi a cinya, ba matsala.

Abin da ya fi ci mini rai jira ne. Ka zuba yau, sai gobe ka san ko ka yi asara. Na kai kuka wurin mai gyaran bodin da ke taɓa mini motar.

"Oga, ba yadda za a yi abin nan ya riƙa kamawa da wuri?"

"Yallaɓai, ƙara masa hadina. Mu in muna sauri haka muke wa bodi fila, kafin ka sha ruwa ta kama."

Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar sana'arsa. Fila da rezin ɗin masu faiba dangin foliyesta ne, hadinarsu ɗan ɗigo ce mai tayar da aiki, in ka ƙara sai ya yi sauri. Epoksi ba haka yake ba. Kowane ɓangare na ruwan yana da abokin haɗinsa a hadina, shi ya sa ake rubuta awo a kwalba, biyu da ɗaya ko ɗaya da ɗaya, har a faɗa maka da sikeli za ka auna ko da kofi. Abin da ka ƙara ba shi da abokin kamawa, sai ya zauna a ciki ya hana aikin yin tauri yadda ya kamata. Ni dai na ƙara, da hannu sake.

A sanyin hunturu bai nuna komai ba. Zakin ya fito garau. Na bi shi da samfefa da ruwa, daga lamba 400 zuwa 800, zuwa 1500, zuwa 2000, na goge da man ƙyalli, na fesa masa ruwan azurfa ta baya yadda launin zai riƙa leƙowa ta cikin rezin. Ba yabon kai ba, ya fi na kamfani kyau. Na ɗaura shi a ragar gaba. Maƙwabta suka zo gani, wani ma ya ce in yi wa Marsandinsa tauraro. Har na fara tunanin sunan da zan sa wa shago.

Sai bazara ta shigo. Ranar kai amaryar 'yar Kawu aka ce 504 ce za ta ja gaba, don girmama tsofaffi. Muka sha cunkoso a gadar Kaduna, allurar zafi na hawa, sannan na ajiye ta a ƙofar gidan Kawu, hanci na fuskantar rana, muka shiga cin abinci. Ko epoksin da aka auna daidai yakan fara laushi in zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60, balle nawa da ya sha hadina ya ƙoshi, ga rana ta gaba, ga lagireto ta baya.

Hayaniyar yara ce ta fito da mu. Zakin da na bari tsaye a kan ƙafafun baya, ya ɗaga hannu zai kai bara, ya sauke hannuwan duka biyu. Wutsiya ta zube. Kai ya sunkuya har geza na taɓa ƙirji, duk jikin ya yi laƙwas kamar alewar da aka manta a aljihu. Wata gwaggo ta matso ta duba da kyau.

"Ikon Allah. Wannan zaki da ladabi yake, ya ga manya ya rusuna."

Kawu ya iso yana dogara sanda, mutane suka buɗa masa. Na ga in na yi shiru an gama da ni, sai na jawo tarihi.

"Kawu, ai asalin zakin nan ba na mota ba ne. Gidan Peugeot masu Fijo a Faransa zarto suke ƙerawa tun kafin a san mota, a 1858 suka yi wa tambarin rajista. Abu uku yake nufi: ƙarfin haƙoran zarto, saurin yankansa, da yadda yake lanƙwasa bai karye ba. Nawa na ukun ya ɗauka."

Kawu ya sa ɗan yatsa ya ɗaga haɓar zakin. Ya saki. Kan ya koma ƙasa a hankali.

"To Allah Ya kawo sauran biyun," ya ce.

Ya waiwaya ya kira jikansa. "Kai, ɗauko mini sukundireba." Ya taka har gindin mangwaro, a gaban 'yan biki ya kwance zakin motarsa, ya ɗaga shi ya ƙura wa hammatar ido, ya dube ni, ya jefa shi a aljihun babbar riga. Sannan ya ce a ƙaro mini shinkafa.